Sunan Uban Shimek

Melbourne, Mayu 1983

Gwaggo Zlata,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Mendel da yara. Ina fata iskar Wellington ba ta yi gaba da ke ba, kuma gwiwar nan tana barin ki barci. Mu lafiya lau, sai Ruti da ta yi 'yar mura, ta kuma fake da ita ta tsallake jarrabawar lissafi. Na so in buga miki waya, amma na san za ki ce ba kya ji, ki kife.

Ga hoto nan na sako miki, na taron da muka yi a makaranta ranar tunawa da Yahudawan da aka kashe a yaƙin duniya na biyu. Kin san kukana tun da na fara koyar da tarihin yaƙin. Yaran nan a cikin ƙoshi aka haife su. In na rubuta miliyan shida a allo, sai su kwafe kamar lambar gida. Baba har ya rasu bai ba ni labarin komai ba, ke ma kin ce kada in tambaye ki. To me zan ba su?

Bana na samu wanda ya buɗe baki. Shi ne dattijon da ke kunna kyandir a hoton, Leon Mandelkorn, tsohon tela. Kuma Gwaggo, ɗan garinku ne, Zalnik! Ya ba su labarin ƙanensa ɗan shekara shida, wanda aka ɓoye a gangar fulawa a bayan tanderun gidan burodi, ranar da Jamusawa suka kwashe yaran geto, unguwar da suka killace Yahudawa. Ya ce wani ɗan sandan geto, Bayahude ɗan'uwanmu, ya ɗaga murfin, ya tarar da yaron fari fat da gari har gashin ido, ya ɗauke shi. Sunan yaron Shimek, irin na yayana. Akwai wani Gidon, yaron da bai taɓa zama wuri ɗaya ba, sai ga shi ya kifa kai a tebur yana kuka. Ni ma na yi.

Ko kin san gidansu?

'Yarki,
Hinda

Melbourne, Yuli 1983

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Sanyi ya shigo mana sosai, Mendel har da safa yake kwana. Shirun ya yi yawa. Ko dai wasiƙata ta ɓata a hanya, ko kuma na taɓa inda bai kamata ba da na ambaci Zalnik. In haka ne ki yi haƙuri, ba zan ƙara ba. Ki dai rubuto ko layi ɗaya ne, in san kina tsaye da ƙafafunki.

Hinda

Wellington, Agusta 1983

Hinda,

Ina tsaye da ƙafafuna. Hoton ya iso. Ki sake gayyatarsa baɗi, ki ba shi kujerar gaba. Zan zo da kaina.

Zlata

Melbourne, Satumba 1983

Gwaggona,

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, na yi ihu har Mendel ya fito da cokali a hannu. Za ki zo! Duk lafiya muke, kuma Ruti ta ce ta bar miki gadonta, in dai za ki yi mata miyar kazar nan taki.

Ban iya riƙe labarin ba. Na je wurin Mista Mandelkorn na ce masa baɗi akwai wata 'yar Zalnik da za ta zo daga New Zealand don ta gan shi. Ban faɗi sunanki ba, ina so ya zama ba-zata. Bawan Allah sai ya nemi kujera, ya ce in ba shi ruwa. Duk don murna.

Na tsara komai. Zan zaunar da ku gefe da gefe, ku kunna kyandir tare, yara su ga mutum biyu da suka fito daga wuta ɗaya. In kin ji za ki iya cewa wani abu, to. In ba za ki iya ba, zamanki ma ya isa.

'Yarki mai ɗoki,
Hinda

Wellington, Oktoba 1983

Hinda,

Lafiyata ƙalau, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Ki gai da Mendel.

Kin yi karatu har jami'a, amma wasiƙa mai layi biyu ta fi ƙarfinki. Wa ya ce miki zumunci ne zai kawo ni? Gefe da gefe! Ki zauna ki karanta wannan, kuma kada ki karanta a gaban yara.

Sunansa ba Leon ba ne. Lezar ne, ɗan Fishel mai ɗebo ruwa. Ya tsufa, amma kunnuwan nan ko a cikin duhu na san su. Ba shi da ƙane, bai taɓa yin ƙane ba. Gidan burodin namu ne, na kakanki Abrum. Gangar tamu ce. Shimek ƙanena ne, ƙanen ubanki, kuma sunansa aka sa wa yayanki.

Ina da shekara goma sha huɗu. Ubanki yana sansanin aikin dole. Innarmu ta cusa Shimek a ganga, ni kuma ta tura ni saman rufi kusa da bututun hayaƙi, sannan ita da Baba suka fita dandali kamar yadda aka umarta. Akwai tsaga a katako, ina ganin ƙasa. Lezar ya shigo da hularsa da kulkinsa. Bai duba ƙarƙashin tebur ba, bai buɗe kabad ba. Kai tsaye ya nufi gangar, don a cikinta yake ɓuya yana yaro in ana wasan ɓoyo a gidanmu. Duk Juma'a Baba yakan miƙa masa burodi kyauta ya kai wa uwarsa. Da wannan hannun ya ɗaga murfin.

Kin ce ya faɗi fari fat har gashin ido. Gaskiya ya faɗa. Mu biyu ne kawai a duniya muka ga wannan.

Bayan yaƙi na gaya wa ubanki. Da Lezar ya ɓullo a Melbourne da sabon suna, 'yan Zalnik suka zauna. Ba mu da kotu, ba mu da shaida sai idon yarinya ɗaya da ke wata ƙasa. Sai suka yanke masa abin da suke da iko da shi. Ba a gaishe shi, ba a ƙirga shi a cikin mutum goman da ake buƙata kafin a yi addu'ar jam'i, kuma ba a ambaton sunansa a gida. Muka riƙe wannan da kyau, har muka yi masa shirun da 'ya'yanmu ba su san shi ba. Yanzu tsofaffin sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan garau, kuma ke, 'yar yayana Hershel, ke kika miƙa masa ashana.

Ya ɗauke mini Shimek sau ɗaya ina kallo. Yanzu ya sake ɗauke shi, ya mai da shi nasa, yana tara hawayen yara da shi. Wannan ne ya hana ni rubutu wata uku. Ina so ya tsaya a gaban yaran nan da suka yi masa kuka, a tuɓe masa rigar. Ba na neman komai ƙasa da haka.

Zlata

Melbourne, Nuwamba 1983

Gwaggo,

Ban san yadda zan fara da gaisuwa ba. Muna lafiya dai.

Na tuna wata Asabar ina ƙarama. Mutum tara suna zaune a majami'a suna jiran na goma, sai wani ya shigo, kowa ya yi kamar bai gani ba. Baba ya naɗe mayafin addu'arsa, ya kama hannuna muka fita. Na tambaye shi, ya ce kansa ke ciwo. Ashe shi ne. Kuma ni na ɗauko shi a motata, na riƙe masa hannu a matakala, Ruti ta miƙa masa fure. In na tuna sai in ji kamar in wanke hannuna da ruwan zafi. Na tsane shi, Gwaggo. Ban taɓa sanin ina da irin wannan a cikina ba.

Amma ki dubi wurina. Yaran nan shekarunsu sha biyar. Wasu kakanninsu sun fito daga sansanonin Jamusawa, wasu ba su san abin da kakanninsu suka yi don su rayu ba. In na tona shi a gabansu, me na koya musu? Kuma shugaban makaranta ba zai bar ni ba. Mendel ya ce in rubuta masa takarda kawai, in ce bana ba ma buƙatarsa, a rufe maganar. Ni ma ina ganin hakan ya fi.

Hinda

Wellington, Maris 1984

Hinda,

Kin ga rubutuna ya karkace, a kwance nake yi. Na faɗi a matakalar gida, ƙugu ya karye, sun sa mini ƙarfe. Likita ya ce in manta da jirgi bana. Wani yaro ne da ko gemu bai gama ba, amma shi ke da maganar.

Na daɗe ban amsa miki ba don raina ya ɓaci. A rufe maganar! Mendel mutumin kirki ne, amma a Melbourne aka haife shi, shi ya sa. Rufe maganar ne ya kawo mu nan. In kika sallame shi shiru, wata makarantar za ta ɗauke shi, Shimek ya ci gaba da zama ƙanensa har a buga a littafi.

Tunda ba zan zo ba, ke za ki yi. Ba sai kin zage shi ba, ba sai kin ce komai ba ma. Ki bar shi ya ba da labarinsa har ƙarshe. Sannan ki ce wa rabbi, malamin addininku, ya yi wa yaron addu'ar mamaci a nan take, da cikakken sunansa, Shimon. Kin san ba a yin ta sai an ce wane ɗan wane. Rabbi zai tambaye shi sunan uban. Lezar zai iya yi wa yara ƙarya, ya saba. Amma na san shi, yana tsoron Allah irin tsoron da ɓarayi ke yi. Ina so in ga ko zai iya tsayawa a gaban kyandir ya ce Shimon ɗan Fishel.

In ya faɗi haka, ki tashi ki ce ƙarya yake, ki faɗi sunan kakanki. In ba za ki iya ba, ki gaya mini, in san ba ni da kowa.

Zlata

Melbourne, Mayu 1984

Gwaggo,

Ina fata ƙugun yana haɗewa, kuma kin daina faɗa da masu jinya. An yi.

Lezar ya zo da kwat ɗinsa a goge. Da ya ga ba kowa a kujerar da ke gefensa, sai ya ce, "Ina baƙuwar?" Na ce, "Ba ta da lafiya." Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ba da labarin kamar bara, kalma a kan kalma, har wurin da yake dakatawa ya share ido. Ina tsaye a baya, farcena a cikin tafin hannuna.

Da ya gama sai na yi wa rabbi alama. Yaro ne ɗan Sydney, bai san komai ba, ya ɗauka karramawa ce. Ya buɗe littafi ya ce, "Baba, za mu yi wa ƙanenka addu'a. Shimon ɗan wa?"

Rabbi ya ɗaga kai daga littafin, ya sake tambaya.

"Sunan mahaifinku kawai, Baba."

Wani a baya ya raɗa, "Kai, tsoho ya manta sunan ubansa!" Wasu suka ƙyalƙyale. Shi kuwa ni yake kallo, ta saman kawunan yaran. A nan na gane ya san ko ni wace ce, watakila tun bara.

Ya ce, "Shimon ɗan Abrum."

Rabbi ya ja numfashi zai fara, sai Lezar ya ɗaga hannu. "Dakata, malam. Sunan ubana Fishel. Abrum mai gidan burodi ne, kakan malamarku. Yaron ba ƙanena ba ne. Ɗan sandan da nake ba ku labari, ni ne. Ni na ɗaga murfin."

Kawuna suka juyo wurina gaba ɗaya. Wata yarinya, Dina, wadda ba ta barin tambaya ta wuce ta, ta miƙe ko hannu ba ta ɗaga ba.

"Me ya sa?"

"Sun ce kowane ɗan sanda ya kawo yara biyar. Wanda bai cika ba, a cike da nasa. Ina da 'ya."

"Ta tsira?"

"A'a."

"To me ya sa ka ce mana ƙanenka ne?"

Ya ce, "In na ce ni ne, wa zai zauna ya ji? Ni kuma ina so in faɗa."

Sai Gidon, wanda ya yi masa kuka bara, ya taso daga baya. Na ɗauka dukansa zai yi. Ya ɗauke kyandir ɗin daga gabansa, ya kawo ya ajiye a gabana, ya ce, "Malama, naku ne." Rabbi ya yi addu'ar, Shimon ɗan Abrum, yara suka amsa. Lezar ya sauka matakala shi kaɗai, ba wanda ya riƙe shi.

Washegari iyaye suka cika ofis. Shugaban makaranta ya ce mini, "Aji muka ba ki ko kotu?" An karɓe darasin tarihi daga hannuna har ƙarshen zango, bayan nan kwamiti zai duba. Yaran kuwa sun rabu biyu, har yau suna musu a filin wasa, wasu na cewa da su ne ba za su yi ba, wasu na cewa ƙarya kuke. Ban taɓa ganin suna musu a kan darasi haka ba.

Zan gaya miki gaskiya. Lokacin da ya ce ni ne, na ji daɗi har cikin ƙashina. Da ya ce yana da 'ya kuma, sai na ga Ruti. Ban san yadda zan yi da waɗannan biyun ba.

'Yarki,
Hinda

Wellington, Yuni 1984

Hinda,

Na fara takawa da sanda. Wasiƙarki na sa an karanta mini sau biyu, sannan na karanta da kaina. Ke 'yar Hershel ce, na yarda. Aikinki kuwa, in sun kore ki su suka yi asara.

Yana da 'ya. Innarmu ma tana da ɗa. Kada ki ƙara kawo mini wannan.

Na zaci in an yi zan yi barci. Ban yi ba. Akwai abin da ya rage, kuma haushinsa ya fi na komai, don a hannun Lezar yake. Tsagar katakon nan iyakarta ƙofa. Daga ƙofar gidan burodi zuwa dandali akwai 'yar tafiya, kuma ban gani ba. Ban sani ba ko Shimek ya yi kuka, ko ya kira ni, ko ya ji haushin ban sauko ba. Shekara arba'in ke nan ina bin su a wannan hanyar, kullum a bakin ƙofa nake tsayawa.

Je ki tambaye shi. Kada ki zauna a gidansa, kada ki sha ko ruwa. Abin da ya faɗa ki rubuto mini yadda yake, ba na son a sa mini sukari.

Zlata

Melbourne, Yuli 1984

Gwaggo,

Muna lafiya. Kwamiti bai zauna ba tukuna.

Na je. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shago, keken ɗinkinsa a rufe da zane. Ya jawo kujera, na ce a tsaye zan yi. Na faɗa masa tambayarki. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba, ban rage ba.

"Bai yi kuka ba. Ya san ni ai. Da na ɗaga murfin cewa ya yi, Lezar, ka same ni. Ba takalmi a ƙafarsa, hanyar kuma duk tsakuwa, sai na goya shi. Garin ya ɓata mini riga. Muna cikin tafiya ya sa bakinsa a kunnena ya ce, Lezar, ni kaɗai ne a gidan. Ba kowa a sama. Sai da ya faɗa sau biyu."

Na ce, "Ka san tana saman?"

Ya ce, "Na fi shi sanin saman nan."

"To me ya sa ka bar ta?"

Ya ce, "Kada ki gaya mata tausayi ne. Shi ne na biyar."

Zan fita sai ya ce yana da roƙo. Ranar Kafara tana matsowa, kuma kin san ba a shiga azuminta sai an nemi gafarar wanda aka zalunta. Ya ce in tambaye ki ko za ki yafe masa. Na ce zan isar, iyakacina ke nan.

Hinda

Wellington, Agusta 1984

Hinda,

Ina nan da rai.

Ba kowa a sama. Ɗan shekara shida, ko ƙarya bai iya yi da kyau ba. Ni ina can ina cizon hannuna kada in yi motsi, ina ganin na bar shi, ashe shi yana kan bayan mutumin nan yana ɓoye ni. Na yi kukan da ban yi ba a lokacin, har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa. In sun mayar miki da ajinki, ki gaya wa yaran wannan. In ba su mayar ba, ki tare su a bakin ƙofar makaranta ki gaya musu. Ki faɗi sunansa da na ubansa.

Yanzu roƙon Lezar. Ni ma 'yar masu addini ce, na san abin da yake nema. In mutum ya roƙa sau uku aka ƙi, ya fita, laifin ya koma kan wanda ya ƙi. Ya roƙa sau ɗaya ta bakinki. Ki ce masa na ƙi. Ya sake in yana so, zan sake ƙi. Na ukun kuwa ba zai same ni ba. Kada ki ba shi adireshina, kuma kada ki ƙara ɗauko mini saƙonsa, don in na ga sunansa a takarda ba zan karanta ba.

Ko da na so ma, abin da zan iya yafewa nawa ne kawai. Na Shimek sai Shimek. Malamanmu sun ce wanda ya zalunci mutum har mutumin ya mutu, sai ya je kan kabarinsa ya roƙe shi a can. Ki gaya masa haka. Shi ya goya shi zuwa dandali, ya fi kowa sanin inda ya kai shi. Ya je ya nemo kabarin, in akwai shi.

Gwaggonki,
Zlata